Henry K. Beecher

Henry Knowles Beecher (4 ga Fabrairu 1904 – 25 ga Yuli 1976) likita ne ɗan ƙasar Amurka, ƙwararre a fannin sa majinyata barci lokacin tiyata. An fi saninsa da jagorantar kwamitin da ya tsara ƙa'idojin tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa a shekarar 1968.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a garin Peck da ke jihar Kansas, kuma sunansa na asali Harry Unangst. Ya yi karatu a Jami'ar Kansas, sannan ya kammala karatun likitanci a Harvard a 1932. A 1936 ya zama shugaban sashensa a Babban Asibitin Massachusetts. A 1966 ya wallafa maƙala wadda ta fallasa bincike 22 da aka yi a kan mutane ba tare da kiyaye haƙƙinsu ba.

Kwamitin Harvard

Na'urar taimaka wa numfashi ta jawo wata sabuwar matsala: zuciyar majinyaci na iya ci gaba da bugawa alhali ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya. Bayan da Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu a Disamba 1967, tambayar yaushe ne mutum ya mutu ta ƙara zafi. Kwamitin Beecher mai mutum 13 ya fitar da rahotonsa a Agusta 1968. Alamomin da ya gindaya su ne rashin amsawa ga komai, rashin motsi da numfashi, da rashin martanin jijiyoyi. Ya ce a maimaita gwajin bayan awa 24, a kuma tabbatar ba tsananin sanyi ko magani ne ya jawo halin ba.

Martanin jama'a

Masanin falsafa Hans Jonas ya soki rahoton, yana ganin buƙatar sassan jiki don dashe ce ta ingiza shi. Duk da haka, Kansas ta zama jiha ta farko da ta sanya mutuwar ƙwaƙwalwa cikin doka a 1970. Saɓani bai ƙare ba: dokar New Jersey ta 1991 ta keɓe masu ƙin amincewa saboda addini, Japan kuwa sai a 1997 ta halatta cire sassan jiki bayan mutuwar ƙwaƙwalwa.

Rasuwa

Beecher ya rasu a Boston yana da shekara 72.