William Coley: likitan da ya tunkari cutar daji da ƙwayoyin cuta

An haifi William Coley a Amurka a 1862. Yana matashin likitan fiɗa a birnin New York, cutar daji ta kashe wata budurwa da yake jinya, duk da yanke mata hannu da ya yi. Rashin ya sa shi tonon tsofaffin takardun asibiti, har ya gano wani majinyaci da ƙarinsa ya ɓace bayan zazzaɓi mai tsanani. Daga 1891 ya fara yi wa majinyata allurar ƙwayoyin cuta domin tayar da garkuwar jikinsu. Wasu sun warke, wasu sun mutu, manyan likitoci kuwa suka karkata ga gashi da na'ura. Ya rasu a 1936. 'Yarsa Helen ce ta ceto bayanan aikinsa, ta kafa cibiyar bincike a 1953.