Al-Samaw'al al-Maghribi

Al-Samaw'al ibn Yahya al-Maghribi masanin lissafi ne kuma likita. An haife shi a Bagadaza wajen shekarar 1130, ya rasu a Maragha, cikin ƙasar Iran ta yau, wajen 1180.

Asalinsa

Mahaifinsa malamin Yahudawa ne daga birnin Fas na Maroko. Al-Samaw'al ya musulunta a 1163.

Aikinsa

Yana ɗan shekara 19 ya rubuta littafin aljabara mai suna Al-Bahir, inda ya ɗora a kan aikin al-Karaji. A ciki ya tsara jadawali, ya ajiye 1 a matakin sifili. A rubutun yau, gefe guda shi ne x, x², x³, ɗaya gefen kuma 1/x, 1/x², 1/x³. Taku ɗaya gaba ninkawa ne da x, taku ɗaya baya kuma rabawa ne da x.

Wannan ne ke bayyana ma'anar ƙaramar lambar sama idan ta gaza sifili. Misali, 2² = 4, 2¹ = 2, 2⁰ = 1, 2⁻¹ = 1/2. Saboda haka 2⁻³ daidai yake da 1/8, ba −8 ba.

A Faransa, Nicolas Chuquet ya rubuta irin waɗannan lambobi a 1484.