Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Daga Gadon Sarauta Zuwa Dandalin Siyasa

An haifi Ahmadu Bello a garin Raɓa a shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Raɓa, jika ne kuma ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Bayan karatun allo da na makarantar lardi a Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina, ya fito a 1931 ya zama malami a Midil ta Sakkwato. A 1934 aka naɗa shi hakimin Raɓa.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu na cikin waɗanda suka nemi gadon, amma Allah bai nufe shi da samu ba. Abubakar na Uku aka naɗa. Shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau. A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarki ta yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Wannan shari'a ta sa sunansa ya bazu cikin 'yan boko na Arewa. Mutumin da aka raina domin ya gaji mulki, ga shi dole ta sa ya neme shi ta hanyar baki da ƙuri'a.

Ya shiga Majalisar Jihar Arewa a 1949, ya zama Firimiya kuma shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, a 1954. Jawabinsa da ya fi tasiri shi ne na watan Maris 1953 a Majalisar Wakilai ta Ikko. Anthony Enahoro ya kawo shawarar a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya miƙe ya nemi a cire shekarar, a jira sai lokacin da abin zai yiwu. Hujjarsa ita ce Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani. Jama'ar Ikko suka yi wa wakilan Arewa ihu, kuma rikicin Kano na watan Mayu ya biyo baya. Arewa ta sami mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, ranar da Turawa suka ci Sakkwato a 1903.

Zaɓen tarayya na 1959 shi ya gwada shi a gaban talakawa. Da yake yawancin masu jefa ƙuri'a ba su karatun boko, alama ita ce ke magana a jikin akwati: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. Magoya bayansa na kiran Salama, na Malam Aminu Kano na kiran Sawaba. Awolowo ya ratsa Arewa da jirgi mai saukar ungulu, abin da ya tilasta wa Sardauna bin gari gari yana neman goyon bayan manoma. NPC ta fi kowace jam'iyya kujeru, amma ya zauna a Kaduna, ya bar wa Abubakar Tafawa Ɓalewa kujerar Firayim Minista. 'Yan NEPU kuwa sun daɗe suna kukan cewa an yi amfani da kotunan alƙalai da 'yan doka wajen danne su, kuma wannan ma yana cikin tarihinsa.

A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, a shekarar kuma aka buga littafinsa na Turanci, My Life. Sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu a Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966. An mai da gidansa cibiyar binciken tarihi mai suna Arewa House, kuma a 1986 John Paden ya wallafa babban littafi a kan rayuwarsa. Mai nazari zai amfana idan ya jera waɗannan littattafai kusa da waƙoƙin siyasar NEPU, ya ji ta bakin kowane ɓangare. Allah Ya jiƙansa, amin.