Fada Frederick William Faber: Firist ɗin da ya ba talakawa waƙar da za su rera

A duk ranar Lahadi a birnin Kano, daga Nassarawa da Bompai har zuwa Sabon Gari, ana yin Misa da Turanci, domin jama'ar ta haɗa kabilu da harsuna dabam-dabam. Shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa sukan zauna su yi ta shawarar waƙar da za a ɗauka da wadda za a bari. Wani firist na ƙasar Ingila ya riga mu fuskantar wannan matsala, kuma har yau muna rera abin da ya rubuta.

An haifi Frederick William Faber a ranar 28 ga Yuni, 1814, a garin Calverley da ke lardin Yorkshire, cikin gidan malaman ɗarikar Angalikan. Ya yi karatu a makarantar Harrow, daga nan ya wuce Jami'ar Oxford, inda ya ci lambar yabo ta rubuta waƙa a 1836. A can ne ya saurari wa'azin John Henry Newman, wa'azin kuwa ya shiga zuciyarsa ƙwarai. An naɗa shi firist na Angalikan a 1839, aka ba shi ikilisiyar ƙauyen Elton a 1843. Yana da gida, yana da albashi, mutanensa kuma suna ƙaunarsa.

Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. A watan Oktoba na 1845 Newman ya shiga Ikilisiyar Katolika. Bayan 'yan makonni, a watan Nuwamba, Faber ya yi sallama da jama'arsa ta Elton, ya ajiye muƙaminsa da abin da yake ci a ciki, aka karɓe shi a garin Northampton. Waɗansu daga cikin mutanen ƙauyen suka biyo shi. An naɗa shi firist na Katolika a 1847, a shekarar da ta biyo baya ya shiga ƙungiyar firistoci ta Oratory, wadda Waliyyi Filibus Neri ya kafa a Roma, Newman kuma ya kawo Ingila. A 1849 Newman ya aike shi Landan ya buɗe gidan ƙungiyar, wanda aka mayar unguwar Brompton a 1854.

A Landan ya tarar da talakawa masu yawa, galibinsu mutanen Ayalan da yunwa ta koro daga ƙasarsu. Misa da harshen Latin ake yi. Katolikan Ingila kuwa sun daɗe cikin takura, sai a 1829 aka sake musu mara, saboda haka waƙoƙin sujada da suke da su cikin Turanci ba su taka kara sun karya ba. Fada Faber ya tashi yana jin yadda waƙoƙin Charles Wesley da na John Newton suke kama zukatan mutane. Ya ga cewa in ba a ba Katolika nasu ba, ko dai su yi shiru a ɗakin sujada, ko su ari waƙoƙin da koyarwarsu ta saɓa wa bangaskiyarsu. Sai ya ɗauki alƙalami.

Littafinsa na waƙoƙi, Jesus and Mary, ya fito a 1849. Kafin 1862 waƙoƙinsa sun kai 150. Ya rubuta su da kalmomi masu sauƙi, domin lebura da mai wanki su iya haddace su, a rera su a taron addu'ar yamma, a makaranta, da kuma cikin gida. Ya yi waƙa kan jinƙan Allah, kan Sakramenti Mai Tsarki, kan Budurwa Maryamu, da kan mutuwar kirki. Ba kowa ne ya yi na'am da shi ba. Tsofaffin gidajen Katolika na Ingila sun ga salonsa ya cika zafin zuciya irin na Italiyawa, har tsakaninsa da Newman ma an sami saɓani. Duk da haka talakawa suka rungumi waƙoƙin.

Wadda ta fi shahara ita ce Faith of Our Fathers, wadda ya rubuta domin tunawa da shahidan Katolika na zamanin Sarki Henry na 8 da Sarauniya Elizabeth ta 1. Ya yi ta iri biyu, ɗaya domin Ingila, ɗaya domin Ayalan. Cikinta akwai baitin da ya ambaci addu'o'in Maryamu. Da waɗansu ɗarikoki suka ɗauki waƙar zuwa littattafansu, sai suka sauya wannan baiti, suka cire sunanta. Shi ya sa shugaban mawaƙa zai iya buɗe littattafai biyu, ya tarar da suna ɗaya da murya ɗaya, amma koyarwa dabam.

Fada Faber ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda. Ya rasu a ranar 26 ga Satumba, 1863, yana da shekara 49. Shekara ɗari bayan rasuwarsa, a watan Disamba na 1963, Babban Taron Vatican na Biyu ya ba harsunan jama'a wuri a cikin sujada, ya kuma umarta cewa kalmomin waƙa su dace da koyarwar Katolika, a ɗebo su musamman daga Littafi Mai Tsarki da addu'o'in Ikilisiya.

To, ya ku mawaƙanmu, kafin ku zaɓi waƙar Turanci, ku karanta baitocinta duka, ku duba daga wane littafi ta fito. Ku tambayi kanku ko ta dace da lokacin, domin waƙar Azumi dabam take da ta Tashin Ubangiji. Ku tuna da uwar da ke zaune a bencin baya, wadda Turancinta kaɗan ne: za ta iya amsa amshin, ta kuma gane abin da take faɗa wa Allah? In kun yi shakka, ku nemi shawarar firist ɗinku.

Allah ya jiƙan bawansa Frederick, ya ba shi hutawa ta har abada. Amin.