Samuel Pierpont Langley

Samuel Pierpont Langley (22 ga Agusta, 1834 – 27 ga Fabrairu, 1906) masanin ilimin taurari ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shahara wajen binciken rana daga kan manyan duwatsu. Shi ne ya ƙirƙiro na'urar bolomita mai auna zafin haske, kuma yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin ƙera jirgin sama tun kafin a ci nasarar haka.

Farkon rayuwa

An haifi Langley a Roxbury, kusa da birnin Boston a jihar Massachusetts. Bai yi karatun jami'a ba. Bayan ya gama sakandare ya yi aikin zanen gine-gine da injiniya na wasu shekaru, yana koyon ilimin taurari da kansa. A 1865 ya samu aikin mataimaki a cibiyar nazarin taurari ta Harvard, sannan a 1867 aka naɗa shi shugaban cibiyar Allegheny da ke Pittsburgh. Cibiyar ba ta da kuɗi a lokacin, sai ya fara sayar wa kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania sahihin lokaci ta wayar tangaraho, yana sayen kayan bincike da abin da aka samu.

Husufin rana na 1878

Langley ya yi amanna cewa ƙura da tururin ruwa da ke cikin iskar ƙasa suna ɓoye wa mai bincike abubuwa da yawa game da rana, don haka maganin abin shi ne a hau sama. Da aka yi hasashen cikakken husufin rana na 29 ga Yuli, 1878, sai ya zaɓi ƙololuwar dutsen Pikes Peak a Colorado, mai tsawon kimanin mita 4,300, inda sojojin Amurka suke da tashar lura da yanayi.

Hawan bai zo da sauƙi ba. A kan dabbobi aka ɗora kayan aiki zuwa sama. Ko da yake tsakiyar lokacin zafi ne, Langley da ƙanensa John sun tarar da iska mai ƙarfi, da ƙanƙara, da dusar ƙanƙara, ga gajimare da ya rufe sama kwana da kwanaki. Ƙarancin iskar shaƙa ya sa masu ciwon kai da kasala. Masanin yanayi Cleveland Abbe, wanda ya zo domin wannan aiki, ciwon ya kwantar da shi har sai da aka sauko da shi zuwa wani masauki da ke ƙasa kafin husufin, kuma daga can ya kalla.

Ranar husufin gari ya waye garau. A cikin kamar minti biyu da rabi da wata ya rufe rana, Langley ya ga farin hasken da ke kewaye da ita, wanda ake kira korona, ya miƙe a gefe ɗaya har kusan ninki goma sha biyu na faɗin rana. Wannan ya zarce abin da masu kallo daga ƙasa suka saba gani, ya kuma ƙarfafa ra'ayin gina cibiyoyin nazarin taurari a kan duwatsu.

Bolomita da dutsen Whitney

Bayan husufin ya ƙera bolomita, wadda ke amfani da siraran ƙarfen filatinam da aka baƙanta. Idan haske ya ɗumama ƙarfen, yadda lantarki ke bi ta cikinsa yakan canza. A 1881 ya kai ta dutsen Whitney a California, ya gwada zafin rana a gindin dutsen da kuma can sama, domin gane yawan abin da iska ke shanyewa. A nan ya gano cewa hasken rana wanda ido ba ya gani, wanda ke bayan launin ja, ya fi faɗin yadda ake zato. Sai dai adadin da ya fitar na ƙarfin zafin rana ya haura na gaskiya da kusan rabi. Daga baya Svante Arrhenius ya yi amfani da awon da Langley ya yi wa zafin wata wajen lissafinsa na 1896 kan yadda iskar kabon ke ɗumama duniya.

Jirgin sama

A 1887 ya zama sakataren Cibiyar Smithsonian na uku. A ranar 6 ga Mayu, 1896, ƙaramin jirginsa mai injin tururi, marar matuƙi, ya yi tafiyar kusan kilomita ɗaya a saman kogin Potomac. Gwamnati ta ba shi dala 50,000 ya ƙera babba mai ɗaukar mutum, amma sau biyu jirgin yana faɗawa kogin, a 7 ga Oktoba da 8 ga Disamba, 1903. Jaridu suka yi masa ba'a. Kwana tara bayan haka 'yan'uwan Wright suka tashi da nasu jirgin.

Rasuwa

Langley bai taɓa aure ba. Ya rasu a Aiken, jihar Carolina ta Kudu, bayan ya yi fama da shanyewar jiki. An sa sunansa ga cibiyar bincike ta Langley ta hukumar NASA, da ma'aunin zafin rana na langley, da kuma dutsen Langley da ke kusa da Whitney.