Firobel, Mai Lambun Yara

An haifi Firobel a ƙasar Jamus cikin 1782. Bai cika shekara ba uwarsa ta rasu, ubansa kuwa fasto ne, aikin ikkilisiya ya sha masa kai. Yaron ya tashi ba abokin wasa sai itatuwa da furanni. Ina tsammani maraicin nan ne ya buɗe masa ido.

Da ya zama malami, cikin 1840 ya raɗa wa makarantarsa suna Kindagatin, watau lambun yara. A can wasa shi ne darasi. Yakan ba yaro ƙwallon ulu mai launi, ko ɗan katako da aka yanka gida takwas. Yaro ya wargaza shi, ya gina ɗaki, ya mai da shi yadda yake. Kafin a ce masa ga rabi, ga kwata, hannunsa ya riga ya sani. Duk wanda ya taɓa koyar da wannan a allo kaɗai ya san wuyarsa.

Cikin 1851 gwamnatin Purusiya ta hana makarantun, wai suna raba yara da addini. Firobel ya rasu a 1852, ba a ɗage dokar ba sai 1860.