Arkimidis, Masanin Da Ya Bayyana Sirrin Jigo

Duk wanda ya taɓa ganin mai lambu yana ɗebo ruwa da jigo a fadama, to, ya ga hikimar da Arkimidis ya bayyana tun fiye da shekara 2,000 da suka shige.

An haifi wannan Bagirike a birnin Sirakus na tsibirin Sisili wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa. Mahaifinsa masanin taurari ne. Ba shi ne ya ƙago jigo ba, amma shi ne ya tabbatar da lissafi cewa idan aka ɗora sanda bisa madogara, ƙaramin nauyin da ke nesa da ita yana iya ɗaga babban da ke kusa. Watau laba 10 a nisan kamu 4 daidai take da laba 40 a nisan kamu 1.

Marubutan tarihi sun ruwaito cewa ya harhaɗa gargare da igiyoyi, ya jawo jirgin ruwa maƙare da kaya shi kaɗai a gaban Sarki Hiyero. Ana kuma danganta masa wani bututu mai murɗaɗɗen ciki, wanda in an juya shi sai ya hau da ruwa sama. Manoman Masar sun daɗe suna ban ruwa da shi.

Sa'ad da Rumawa suka kewaye Sirakus da yaƙi, na'urorinsa sun daɗe suna hana su shiga. Da birnin ya faɗi a shekara ta 212, wani soja ya kashe shi, alhali kuwa jagoransu Marselus ya umarta kada a taɓa shi. Lissafinsa dai har yau injiniyoyi na aiki da shi.